Amsa ga ƙanina na Marwa: rayuwar ɗan wasan ƙwallon ragar rairayi da abinda ke cikin kansa

Wani ƙanina daga Marwa ya turo min saƙo shekaranjiya da dare, nace masa ya bari in amsa a fili don nasan ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba. Ga abinda yace a taƙaice: "Koci, shekarata 17, ina buga wole, wato ƙwallon raga, a lise ɗinmu, makarantar sakandare kenan. Na ga bidiyon masu bugawa a rairayi mutum bibbiyu a gindin dogon ƙarfen nan na Faris, tun ranar abin bai fita raina ba. Mutum zai iya riƙe wannan ya zama sana'arsa? Yaya rayuwarsu take, wace irin zuciya ake buƙata? Kuma mu da bamu da teku fa?"

Toh ƙanina gyara zama. Na buga ƙwallon raga ta mutum shida shekaru da dama kafin gwiwa ta maida ni rairayi, yanzu kuma duk rani ina bakin Binuwai nan Garwa da yara muna kafa raga, don haka wani abin da ƙafata na taka shi, wani kuma shekara da shekaru ina bibiyar manyan wasan.

Maganar teku mu fara kawar da ita don ita tafi sauƙi. Wasan nan baya buƙatar ruwa ko cikin cokali, rairayi yake so, mai zurfin aƙalla santimita 40 bisa dokar hukumar duniya FIVB, fili mita 16 a tsawo 8 a faɗi, raga mita 2.43 ga maza 2.24 ga mata, shikenan. Filin da ka gani a Faris a 2024 kwaso rairayin aka yi aka zuba a tsakiyar birni. Suwizalan bata da teku ko taku ɗaya amma a garin Gstaad, cikin duwatsu, ake ɗaya daga cikin gasannin da 'yan wasa suka fi ƙauna, kuma matansu sun ɗauki tagulla a Olamfik na Tokyo sun sake ɗauka a Faris. Waɗanda suka ci kofin duniya na maza a 2023 a Meziko, Perušič da Schweiner, 'yan ƙasar Cek ne, su ma babu teku. Ruwanda ta karɓi ɗaya daga cikin gasannin zagayen duniya a Rubavu bakin tafkin Kibu a 2019. Kai kuma kogin Mayo Kaliyawo na nan a tsakiyar garinku wata da watanni a bushe, 'yan Kusiri da Njamena ga Logon ga Shari, mu ga Binuwai. Rairayi kam Allah ya bamu har tifa-tifa ake kwasa ana gini da shi.

Yanzu ga ainihin zancen. A wasanku na lise ku shida ne, in ka tashi da ƙafar hagu ranar, koci ya cire ka ka zauna a benci ka sha ruwa wani ya shiga, ko a ɓoye ka a baya mai tsaron baya ya rufa maka asiri. A rairayi babu wannan, ku biyu ne daga farko har ƙarshe, babu canji, in ɗaya ya ji ciwo a bashi mintuna 5 a duba shi, in bai iya tashi ba an cinye ku. A wasan Faris da ka kalla, ka lura babu koci a bakin fili? Cikin 'yan kallo yake zaune, a dokar gasar ta 2024 ba shi da ikon ya ce musu ƙala har a tashi. Duk dabarar da za a canza, duk gyaran da za a yi, su biyun nan ne zasu yi shi da kansu, numfashi na sama-sama, rana na dukan ƙeya.

Sannan ga abinda yake karya yawancin yaran da suka zo min daga wasan mutum shida. Tunda ku biyu ne kuma taɓi uku ne iyakar kowane gefe kafin ƙwallo ta ƙetare raga, wanda ya tari sarbis, wato bugun farko daga abokan karawa, shi ne zai buga na ukun, abokinsa ne zai ɗaga masa. Kaga kenan mai sarbis shi ke zaɓen wanda zai kai hari a cikinku. In suka ga kai ne mai rauni, ko suka ga ka fara huci, ko ka ɓata guda biyu a jere fuskarka ta canza, wallahi duk sarbis ɗin da ya rage a wasan kanka zai sauka, ɗaya bayan ɗaya, kowa a wajen ya san dalili, kai ma ka sani. Tamkar a tsaya a tsakiyar kasuwa ne a nuna ka da yatsa ace wannan ne ragon. Babu kalar ciwon da wannan baya yi wa yaro mai shekara 17. Na ga masu tsalle kamar barewa, masu simash, bugun harin nan mai ƙarfi, da in ya sauka sai ka ji a ƙirjinka, amma ana juyo musu da sarbis sau biyar sai ƙafafunsu su mutu, su fara addu'ar Allah yasa a buga wa abokinsu. Ranar da ka fara wannan addu'ar a cikin fili an gama da kai.

Ƙwararre akasin haka yake ji. In aka zaɓe shi, abinda yake faɗa wa kansa shi ne sun miƙo min wasan a hannu, duk makin da zamu ci ta hannuna zai bi, kuma zan sa su yi nadama har su juya kan abokina. Ba cika baki yake ba, ya tari sarbis dubbai a horo har jikinsa ya daina tambayar kansa izini. Ni a wajena wannan ita ce zuciyar da kake tambaya: ka yarda a dinga nuna ka, ka tsaya, ka ce a kawo. Kuma ana koyonta, ba da ita ake haihuwar mutum ba. Akwai horon da nake yi wa yarana, in tsayar da yaro ɗaya, mutum uku suna masa sarbis bi da bi, ba zai fita ba sai ya ci maki biyar a jere, in ya kai huɗu ya ɓata ya koma farko. Wasu har hawaye suke. Bayan wata biyu sai kaga yaron nan shi ke ɗaga hannu yana cewa a fara da shi.

Lissafin wasan ma in ka gane shi zai gyara maka tunani. Set biyun farko maki 21 ne, in aka yi ɗaya da ɗaya na ukun 15, kuma dole a ci da tazarar biyu. A matakin manya, masu tarar sarbis su ake sa ran zasu ci makin, don haka wasan tafiya yake kamar awo, ku ci su ci, ku ci su ci, sai wanda ya samu ya sace biyu ko uku a lokacin nasa sarbis ɗin shi ke tafiya da set, shi yasa zakaga 21 da 19, 22 da 20 sun cika allo. Ma'ana kuskure ɗaya ba ya kashe ka. Abinda ke kashewa shi ne kuskuren da ya haifi na biyu, na biyun ya haifi na uku, saboda kanka yana can wajen na farkon yana ta tuƙa da warwara. Tsakanin faɗuwar ƙwallo da busar sarbis na gaba kusan daƙiƙa 12 ne kawai doka ta baka. Ka kalli manyan da kyau a wannan ɗan tsakanin, wani zai share tabarau, wani zai gyara igiyar layi da ƙafa, wani zai kakkaɓe rairayi daga hannu, sannan su tafa da juna ko sun ci ko an ci su. Ba yanga bace, kowa da ƴar al'adarsa ta binne makin da ya wuce. Ni abinda nake koya wa yara shi ne ka juya wa raga baya, ka ja numfashi ɗaya mai tsawo, ka faɗa wa kanka abu ɗaya tak da zakayi a na gaba, misali "ƙafa ta riga hannu", ba abubuwa biyar ba. Hutun da zaku iya nema guda ɗaya ne a kowane set, na daƙiƙa 30, sanin lokacin da za a kira shi ma ilimi ne, yara suna ajiye shi kamar kuɗin adashe har set ya ƙare basu taɓa ba.

Abokin wasa kuwa, nan zan daɗe don nan ne rabin sana'ar. Mutum ɗaya ne zakuyi horo tare safe da yamma, ku hau mota tare, ku kwana ɗaki ɗaya don kuɗin biyu babu, ku ci a kwano ɗaya, a cinye ku tare sannan ku dawo kujera ɗaya a mota kuna kallon taga. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Yawanci ɗaya dogo ne mai tare raga, kontir kenan, ɗayan kuma mai sauri ne mai kwasar ƙasa a baya, kuma kafin kowane sarbis na gaban zai sa hannu a bayansa ya yi ishara, yatsa ɗaya na nufin zan toshe hanyar layi kai ka tsare kwana, wato kusurwar ɗaya gefen, yatsa biyu zan toshe kwana kai ka tsare layi. Na bayan ba ya ganin fuskarsa, yatsun kawai yake gani, ya ruga ya bar rabin fili a buɗe bisa amanar cewa na gaban zai cika abinda yatsunsa suka faɗa. In na gaban ya canza ra'ayi a sama don yaga kamar zai iya kamawa, ko da ya kama ɗin, ya ci amanar, gobe na bayan ba zai ruga da zuciya ɗaya ba.

Bari in baka nawa labarin don har yau yana min ciwo. Wata shekara mun sauka kudu wata gasa a bakin teku a Kiribi, mota daga Garwa zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa kwana guda zuwa Yawunde, sannan wata motar. Abokina yaro ne mai haƙuri, ya fini iya kwasar ƙasa nesa ba kusa ba. A wasanmu na biyu suka ɗora masa sarbis, ya ɓata uku. Ban zage shi ba, ban ce masa komai ba ma, kawai dai a na ukun na ɗaga hannuwa sama na juya kai na yi tsaki, kuma da ya miƙo hannu mu tafa na wuce kamar ban gani ba. Iyakar abinda nayi kenan. Waɗancan suna gani, daga nan ko sarbis ɗaya basu ƙara bani ba, shi kuma hannunsa ya fara rawa, ni kuma pas ɗin da nake ɗaga masa ya fara matsewa jikin raga don raina a ɓace yake, ina ƙara masa wahala ina ganin laifinsa. Muka fita. A jirgin dawowa tun daga Yawunde har gari ya waye bai ce min uffan ba, da muka kusa Ngaundare yace, "Yaya, da ka tafa min da na dawo." Ba mu sake bugawa tare ba. Shekarun nan duk in naga yaro ya yi wa abokinsa tsaki a fili ina tsayar da horon gaba ɗaya, a zauna a rairayi a yi maganar, ko da rana zata faɗi bamu buga komai ba.

Don haka in abokinka ne ake wa ruwan sarbis, aikinka ka ɗaga masa ƙwallo mafi daɗi da hannunka zai iya, ka leƙa masa filin can ka kira masa inda yake a buɗe, layi ko kwana ko babu kowa, kuma in ya ɓata ka riga shi cewa "tawa ce, pas ɗin bai yi ba". Ka duba Misty May-Treanor da Kerri Walsh Jennings na Amurka, zinare uku a jere, 2004 da 2008 da 2012, akwai lokacin da suka ci wasa 112 a jere ba a doke su ba, kuma duk Olamfik ukun nan set ɗaya tak suka rasa. Tsayi da ƙarfi kam akwai, amma akwai wasu dogayen masu ƙarfin a zamaninsu, shekarun da suka yi suna jure juna ne ba kowa ke da shi ba. Sai dai kuma kar in rufe ka, rabuwa ma cikin sana'ar take. Ana gama Olamfik zakaga ana ta sauya abokai, wani lokacin amininka ne zai kira ka yace ya samu wanda ya fi ka, kuma wata mai zuwa ku haɗu raga na tsakaninku. Dole ka iya gaishe shi da fuska a sake.

Sai abokan gaba na uku da na huɗu, iska da rana. Shi yasa ake canza gefe duk bayan maki 7, a set na uku duk bayan 5, don kar wani ya kwashi garaɓasa shi kaɗai. Yara suna zaton gefen da iska ke tura ka daga baya shi ne mai kyau, alhali wanda iskar ke busa maka a fuska shi ne na alheri, don zaka saki hannu da ƙarfi iskar ta danne ƙwallon ta faɗa cikin fili. In iska tayi yawa sai a rage tsawon komai, manshet, wato tarar ƙwallo da hannuwa biyu a haɗe, ƙasa-ƙasa, pas ƙasa-ƙasa, ku matso kusa da juna. Akwai wani ɗan wasan Italiya, Adrian Carambula, da ya yi suna da sarbis ɗin da yake cillawa can sama cikin ido rana ta sauko tana lilo. Nan ne nake ganin mu 'yan arewa muna da wata riba da bamu san da ita ba, yaron da ya koyi tarar ƙwallo cikin iskar hunturu ta watan Janairu, ƙura na shiga ido, wace iskar bakin teku ce zata firgita shi? Wanda ya fito fili yana ƙorafin iska ya riga ya bada maki uku kyauta.

Hannunka ma sai ka sake masa tarbiyya. Ƙwallon rairayi ta ɗan fi taku girma kuma ba a cika mata iska sosai. Ɗan tura ƙwallon nan da kuke yi da tafin yatsu a bayan kontir haramun ne a nan, sai dai ka dunƙule yatsu ka dungure ta ko ka mare ta a hankali ta gangara. Taɓin kontir ana lissafa shi cikin ukun, saura biyu kenan. Alƙali kuma yana da tsanani kan pas na yatsu, shi yasa da yawa suke ɗagawa da manshet. Kuma rairayi na cinye tsalle, wanda ya saba doka ƙafa a siminti ya tashi, a nan ƙasar guduwa take daga ƙarƙashinsa, watanni ukun farko zakaji kamar an ɗaura maka buhun gero a ƙugu. Kowa ya bi ta nan.

Rayuwar yau da kullum kuwa babu wani ƙyalli a cikinta. Rairayi da safe, ɗaga ƙarfe ko gyaran jiki da yamma, kallon bidiyon abokan karawa da dare ana rubuta inda kowa yake son bugawa in an matse shi, barci da wuri, gobe a maimaita. Rairayi na tausaya wa gwiwa fiye da siminti, shi yasa ake daɗewa, Jake Gibb na Amurka yana da shekara 45 ya buga a Tokyo, amma kafaɗa da ƙugu su ke biyan bashin, don kai kaɗai ko ku biyu ne ke duk bugun da mutum shida ke rabawa. Ka kula da kafaɗarka tun yanzu, ko da robar tayar keke ce ka ɗaura a ƙofa kana ja kullum. Mu nan a watan Maris da Afrilu zafi na haura 40, rairayin tsakar rana zai sale maka tafin ƙafa, don haka daga an sallame asuba zuwa takwas ne, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Da azumi ina maida horon gab da magariba, mara nauyi, ayi aikin hannu da ido, mai nauyin a bari sai bayan an sha ruwa in akwai fitila. Kafin ku kafa raga ku bi filin da manjagara ku tsince kwalba da ƙaya da gwangwani, sau ɗaya kwalba zata shiga ƙafa ta kwantar da kai wata guda. Kuma kar zafi ya sa ku faɗa ruwan da ya kwanta a mayo, tsargiya ba wasa bace.

Toh kuɗi. Nan nake so ka buɗe kunne da kyau don bana so in yaudare ka. Ɗan wasan mutum shida in ya yi sa'a kulob zai ɗauke shi, albashi duk wata, gida, likita. A rairayi mafi yawanci babu kulob mai baka albashi, ku biyun ku ne kamfanin, ku ne ma'aikatan. Abinda ke shigowa kyautar gasa ce, a raba biyu, da abinda kamfanonin talla suka bayar, da tallafin hukumar ƙasarku in tana yi. Abinda ke fita kuwa tikitin jirgi, otel, abinci, ladan koci, mai gyaran jiki. Gasannin duniya a 2022 aka fara kiransu Beach Pro Tour, a lokacin hawa uku ne, Futures a ƙasa, Challenge a tsakiya, Elite16 a sama, kuma shiga da maki ne, makin kuma sai ka buga kake samu, bugawar kuma sai kana da kuɗin zuwa. In makinka bai kai ba sai ka bi ta wasan share fage, wanda faɗuwa ɗaya ce, ka keta rabin duniya da kuɗin aljihunka, a cinye ka cikin minti arba'in, ka koma otel ka haɗa jaka. Hatta a Turai da Amurka da yawansu suna koyarwa ko wani aikin a gefe, 'yan saman nan kaɗan ne wasan kaɗai ke riƙe da su. Mu kuma ƙara da biza, ƙara da tsadar jirgi tsakanin ƙasashen Afirka. Ni da kaina an taɓa yi mana alƙawarin kuɗin mota zuwa wata gasa, muka yi wata biyu muna shiri, ana gobe tafiya wayar mai alƙawarin ta daina shiga, babur ɗina na jinginar muka tafi.

Su Anders Mol da Christian Sørum na Nowe da suka ci zinare a Tokyo, ƙasarsu sanyi ne da ƙanƙara, amma Mol a gidan wasan ya tashi, babansa ne kocinsu, mahaifiyarsa ta buga Olamfik na 1996 a Atlanta, shekarar da aka fara saka wasan a hukumance. Burazil kuwa gasar cikin gida gareta mai ƙarfi da ke zagaya birane. Wato bayan kowane biyun da kake gani a bidiyo akwai gayyar mutane da tsari. A Olamfik ƙungiya 24 ce kacal ta maza, 24 ta mata, ƙasa ba ta wuce biyu, Afirka kuma hanyar da tafi kusa da mu ita ce kofin nahiya da hukumar ƙwallon raga ta Afirka CAVB ke shiryawa, wanda ke bada gurbi ɗaya ga maza ɗaya ga mata. Ta nan 'yan Maroko Abicha da El Graoui suka je, ta nan matan Kenya suka je Tokyo. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Cherif Younousse da Ahmed Tijan, ɗaya haifaffen Dakar ɗaya ɗan asalin Gambiya, suka ɗauki tagulla a Tokyo da rigar Katar. Ranar nayi murna har na tashi tsaye, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don yaran namu ne, jikin da basirar duk daga nan suka tafi da su, can suka samu wanda zai riƙe su. Mu a Kamaru matanmu na mutum shida sun ci kofin Afirka sau uku a jere, 2017 da 2019 da 2021, kaga hannun ƙwallon raga akwai shi a ƙasar nan.

Nasan kuma akwai maganar da za a yi maka a gida in aka ga bidiyon, maganar sutura, musamman in ƙanwarka ce tace tana so. Ka nuna musu Doaa Elghobashy ta Masar, da hijabinta da riga mai dogon hannu da dogon wando ta buga a Riyo a 2016, ta sake zuwa Faris a 2024. Tun 2012 hukumar duniya ta sassauta dokar kaya. 'Yan matan da ke zuwa wajena da suturarsu suke zuwa, da yardar iyayensu, kuma wasu sun fi mazan karanta fili.

Tambayarka ta farko ita ce ko zai zama sana'a. Daga inda muke tsaye yau, ya ciyar da kai shi kaɗai abu ne mai wuyar gaske, duk wanda yace maka ka ajiye karatu saboda shi ba masoyinka bane. Ka ci bak ɗinka, jarrabawar gama sakandare, tukuna. Amma wasan na iya kai ka ƙungiyar ƙasa, ya kai ka karatun koyar da wasanni, ya maida kai koci ko alƙali, kuma kar ka bar na mutum shida ɗin, Karch Kiraly sai da ya ci zinare biyu a can, 1984 da 1988, sannan ya zo ya ci na rairayi a 1996. Da damina in mayo ya kawo ruwa ka koma wajen 'yan lise, da rani ka sauko rairayi.

Abinda zakayi a satin nan: ka nemo mutum uku, ba ɗaya ba, don sai da huɗu ake wasa. Cikinsu ka lura da wanda in ya ɓata ba ya neman wanda zai ɗora wa, ko da bai kai sauran tsalle ba, shi zaka riƙe. Sanda biyu masu ƙwari, tsohuwar raga daga wajen malamin wasanninku, igiya ta layi, kar ku kafa ƙarfe ko dutse a kusurwa. Ku auna 16 da 8. Satin farko kar wanda ya yi simash, tara da ɗagawa kawai, kuna kiran "tawa" da "taka" da ƙarfi har masu ɗibar yashi su juyo. Ka sa wani ya ɗauke ku a waya daga bayan fili, ba daga gefe ba, ka turo min in ga ƙafafunka. In an yi hutun Disamba kuma Baba ya amince, ka hau mota ka zo Garwa kai da abokin naka, muna farawa ƙarfe shida na safe, ku taho da gorar ruwa babba da safa mai kauri.